Rumfar gona ba ta jiran furoje

Jama'a, yau maganar rumfa za mu yi. Na san wani zai ce ga tsadar rayuwa, ga rashin tsaro, ga zaman kashe wando, sai rumfa? E, rumfa. A ƙasar Agye da Gazawa da Gidan Rumji iyayenmu sun riga sun yi mai wuyar, sun maido da itatuwa cikin gonaki. Abin da ya rage shi ne wurin da mai gona zai zauna ya tsare su, ya kuma adana abin da suke bayarwa. Ra'ayina shi ne matasa su kafa wannan rumfa da hannunsu, da rassan sassabe da tsofaffin kayan da muke zubarwa a birni, kada su jira furoje ko bashin siminti.

Bari mu tuna yadda aka zo nan. Bayan farin shekarun 1970 da na 1984, gonakin jihar Maraɗi sun koma fili fetal, iska na binne shuka da rairayi. A 1983 wani ɗan ƙasar Ostareliya mai aiki a Maraɗi, Tony Rinaudo, ya lura cewa kututturen da ake sassabewa kowace shekara suna da rai a ƙasa. In aka zaɓi 'yan tsiro masu ƙarfi aka bari, aka rage sauran, sai su zama icce. Manoma suka karɓi abin suka sa masa suna sassabin zamani. Masu bincike sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da eka-eka har kimanin hekta miliyan 5, da itatuwa wajen miliyan 200, galibi a jihohin Maraɗi da Damagaram. Garin Ɗan Saga na ƙasar Agye ya yi suna saboda kwamitin da mutanen gari suka kafa don tsaron itatuwa, har da mata da makiyaya a ciki. Dokar gandun daji ta 2004 da dokar da gwamnati ta fitar a watan Yulin 2020 kan sassabin zamani sun ƙarfafa haƙƙin manomi a kan iccen da ya raina a gonarsa.

To amma ku je gonakin nan a watan Maris. Da an kwashe gero da wake, gona ta zama marainiya har ruwan shuka. A wannan tsakanin ne gawo ke zubar da 'ya'yansa, abincin dabbobi da ke da kasuwa lokacin bazara. A lokacin ne kuma mai gatari ke shigowa da dare, awaki su cinye ƙananan kalgo da sabara da aka wahala a kansu. Icce ba ya tsare kansa. Mutum kuma ba zai wuni a gona cikin zafin Afrilu ba tare da inuwa da tulun ruwa da wurin ajiye buhu ba. Rumfa ce ke mayar da gonar damina ta zama wurin aiki na wata goma sha biyu.

Kayan aikin ma rabinsu na cikin gonar. Rassan da aka rage wajen gyaran bedi da kalgo su ne dirkoki da tanka, ba sai an kayar da uwar icce ba. Karan gero da zana su yi bango. Kaba ta yi igiya. Sauran rabin yana jibge a bayan gidajenmu na Maraɗi: tsohon kwanon da aka cire lokacin gyaran ɗaki, tano da aka buɗe aka baje ya zama ƙyaure, tsohuwar taya da aka yanka ta zama maɗauri, ƙusoshin da aka miƙe da guduma. Da tsohuwar zuma ake magani.

Akwai masu suka, kuma ba duka maganarsu ce banza ba.

Na farko, gara. Gaskiya ne tana cin dirka. Shi ya sa ake babbaka gindin iccen kafin a binne, a zuba tsakuwa da toka a ramin, a ɗaga buhuna bisa duwatsu, a duba kowace kaka a canja wadda ta ciwu. A gonar da ake sassabin zamani, dirkar canji tana tsirowa da kanta.

Na biyu, iska da gobara. Hadarinmu daga gabas yake tasowa, don haka a juya wa gabas baya, a rage tsayin wannan ɓangaren, ƙofa ta dubi yamma, a ɗaure kwano da waya tamau. Batun wuta kuwa, babu ɗan Maraɗin da ya manta watan Nuwamban 2021, lokacin da azuzuwan zana suka kama wuta yara fiye da 20 suka rasu. Rumfar kara ba wurin murhu ba ce. A share ciyawa kewaye da ita, a yi girki nesa, a bar mafita biyu. Tanon da aka taɓa zuba maganin ƙwari a ciki kuma, kada a kusance shi ko kyauta aka ba ka.

Na uku, fili. Wanda ke noman gonar aro ko ta jingina, ya yi magana da mai ita a gaban kwamitin filaye na gari kafin ya kafa dirka ko ɗaya, a rubuta. Iccen da doka ta kare, irin su gawo, a tuntuɓi ma'aikatan gandun daji kafin a ɗora masa gatari.

Na huɗu shi ne ya fi ci mini rai: raini. Mu da muka yi boko mun saba ganin ci gaba sai in da bulo da fenti da allo mai sunan mai ba da tallafi. Sai mu ga rumfar tsohon kwano mu ce talauci ne. Alhali wanda ya ci bashi ya yi ginin da gonarsa ba ta iya biya, ƙarshenta itatuwan zai sare ya sayar don ya sauke bashin. Wanda ya yi da abin da ke hannunsa, itatuwansa na tsaye, babu mai binsa ko dala.

Ga abin da nake nema wurinku, 'yan uwa matasan birni. Kowace ranar 3 ga Agusta muna fita dashen itace, mu ɗauki hoto mu sa a Facebook, mu koma gida. Bana a ƙara mataki ɗaya. Kowace fada ta tara tsohon kwano da waya da taya na unguwarta, ta nemi ɗan uwa ko ƙungiyar mata a Agye, Gazawa ko Gidan Rumji da ke da gonar itatuwa, a sa kaya a amalanke ko motar kasuwa, a je a kafa tare. Ɗaliban aikin gona na jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, ga filin gwaji nan kyauta. Ku tafi da ma'auni da guduma, amma ku bar tsofaffin gari su nuna muku inda ake kafa dirka. Sun fi mu sanin ta inda iska ke zuwa.