A bar mana Tom da Jerry da dattinsu

Da wuya ka shiga gida a ƙasar Hausa, in dai akwai talabijin ko waya mai ɗaukar bidiyo, ka tarar yaran gidan ba su san muzurun nan Tom da ɓeran da ke ba shi wahala ba. Mu a talabijin ɗin gwamnati muka gan su da yamma bayan an taso daga Islamiyya. Ƙannenmu sun gan su a kaset, 'ya'yanmu a faifai, yanzu kuwa masu turi ne ke loda wa yaro su a waya. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, da dama daga cikin waɗanda muke kallo ba haka aka fitar da su tun asali ba. An sa almakashi, an sauya murya, a wani wurin ma an goge mutum sukutum an zana wani. Ni kuwa ra'ayina shi ne, duk kamfanin da zai tara waɗannan tsofaffin katun a faifai ya sayar wa jama'a su ajiye a gida, to ya kawo su cikakku, har da wuraren da aka ci mutuncin baƙar fata a ciki. Na san maganar za ta yi wa wasu banbaraƙwai, musamman da ta fito daga bakin baƙin mutum.

Ba don yara aka yi su ba tun farko. A Amurka ta shekarun 1940, wanda ya biya kuɗin shiga silima ba fim ɗaya ake nuna masa ba. Akan fara da labaran duniya, a sa ɗan katun na kimanin minti bakwai, sannan babban fim ya biyo baya, kuma 'yan kallon yawanci manya ne: ma'aikata, sojoji, samari da 'yan mata. William Hanna da Joseph Barbera sun fitar da na farko, Puss Gets the Boot, a kamfanin MGM a 1940, suka kuma yi guda 114 zuwa 1958. Bakwai daga ciki sun ci lambar Oscar, sai dai wanda ya riƙa karɓar lambar shi ne Fred Quimby, shugaban sashen, wanda ba shi ke riƙe da fensir ba. Wannan halin na ofis ko'ina akwai shi. Bayan an rufe sashen katun na MGM a 1957, an yi wasu 13 a birnin Prague a hannun Gene Deitch, sannan Chuck Jones ya yi 34 tsakanin 1963 da 1967. Duk wanda ya saba kallo zai gane na Prague ɗin nan take, domin zanensu da sautinsu sun yi dabam, kuma a wurina ba su kama ƙafar na asali ba.

Na asalin kuwa aikin ƙwararru ne da ya cancanci a adana. Hoto 24 ke wucewa a kowace daƙiƙa, kuma da hannu aka zana motsin, aka shafa fenti a kan leda mai garai-garai, aka ɗauki hoto ɗaya bayan ɗaya. Ka dubi The Cat Concerto, inda Tom ke kaɗa fiyano Jerry na barci a cikinta. Kiɗan na Franz Liszt ne, kuma yatsun muzurun suna tafiya tare da sautin kamar da gaske shi ke kaɗawa. Scott Bradley, mai tsara musu kiɗa, shi ne ya mayar da ƙungiyar makaɗa bakin da muzuru da ɓera ba su da shi. Wannan rashin maganar ne ya ƙetaro da su har zuwa gare mu. Bugs Bunny zomo ne mai baki, rabin wayonsa a Turancinsa yake, shi ya sa bai taɓa shiga gidajenmu kamar Jerry ba, duk da cewa a dabara da rashin kunya ɗan'uwan Gizo ne na tatsuniya. Tom da Jerry ba sa buƙatar tafinta. Kaka da jika sukan yi dariya a wuri ɗaya.

Amma akwai mai magana a cikinsu. Ita ce matar nan mai jiki, baƙar fata, da silifas da safa, wadda ba a nuna fuskarta sai ƙafafunta da tsintsiyarta, mai yi wa Tom tsawa tana barazanar korarsa waje. An fi saninta da Mammy Two Shoes. An zana ta ne bisa siffar da Turawan Amurka suka daɗe suna yi wa baƙar mace: 'yar aiki mai ƙiba, mai hayaniya, mai gurɓataccen Turanci, mai tsalle kan kujera don ta ga ɓera. Bayan ita akwai wani barkwancin da aka maimaita har ba adadi: abu ya fashe a fuskar Tom, hayaƙi ya washe, sai ga shi baƙi ƙirin da leɓe kumbura-kumbura. Wannan ba toka ba ce kawai, kwaikwayo ne na wasan da Turawa ke shafa baƙi a fuska su hau dandamali suna yi wa bayi da jikokinsu ba'a. A His Mouse Friday na 1951, Jerry ya shafa baƙi ya fito a matsayin mutumin daji mai cin naman mutane. Wa kuke jin ake nufi? Larabawa ma ba su tsira ba. A Ali Baba Bunny na 1957, katun ɗin Bugs Bunny, akwai wani ƙato mai gadi, Hassan, da takobi a hannu da ƙarancin tunani. A ɓangaren Looney Tunes da Merrie Melodies, gidan su Bugs Bunny, abin ya kai ga a 1968 kamfanin United Artists, mai riƙe da su a lokacin, ya janye guda goma sha ɗaya daga talabijin gaba ɗaya saboda yadda suka zana baƙar fata, ciki har da Jungle Jitters na 1938 da Coal Black and de Sebben Dwarfs na 1943.

To me kamfanonin suka yi da matar nan? Da za a kai katun ɗin talabijin a shekarun 1960, sai aka sake zana ta a wasu a matsayin farar fata, aka ɗora mata muryar wata Baturiya. A shekarun 1990 kuma, bayan Ted Turner ya sayi rumbun fina-finan MGM a 1986, aka bar zanen aka sake ɗaukar muryar da gyararren Turanci. An gudu gara an faɗa gidan zago ke nan. Muryar asali ta Lillian Randolph ce, baƙar fata 'yar wasa da ta yi shekaru tana aiki a rediyo da fim, har ta fito a Roots na 1977, wanda da yawanmu muka kalla saboda Kunta Kinte. Tun a zamaninta ba a rubuta sunanta a farkon katun ɗin ba. Da aka zo gyara, sai aka cire muryarta ma. Wato an raina ta da farko, daga baya aka share ta, kuma wai duk don a mutunta baƙar fata.

A nan ne nake ganin almakashin ba mu yake yi wa aiki ba, kamfani yake yi wa. Idan aka yanke daƙiƙa goma daga Mouse Cleaning na 1948, inda Tom ya fito daga cikin gawayi yana magana irin ta ba'ar da ake yi wa baƙaƙe, babu abin da ya ragu daga wulaƙancin da aka yi wa mutanen 1948. Abin da ya ragu shi ne shaidar cewa babban kamfani ya zana wannan, ya sayar, cikakken silima ya yi dariya. Jikan wanda ya yi dariyar zai taso yana cewa kakanninsa ba su san wariya ba sai ɗan abin da littafi ya faɗa, jikan wanda aka yi wa dariyar kuma ba shi da abin nunawa. Mu da aka yi wa mulkin mallaka ya kamata mu fi kowa sanin darajar takardar da ta nuna abin da aka ɗauke mu.

Kamfanin Warner, wanda rumbun ya koma hannunsa, ya taɓa kama hanyar da ta dace. Tsakanin 2003 da 2008 ya fitar da Looney Tunes Golden Collection kashi shida, an wanke hotunan tas, daga kashi na uku kuma an rubuta a jikin kwalin cewa don manya masu tarawa aka yi, ba lallai ya dace da yara ba. A kashi na ukun, na 2005, 'yar wasa baƙar fata Whoopi Goldberg ta fito kafin katun ya fara, ta yi bayanin cewa waɗannan zane-zane kuskure ne a da, kuskure ne a yau, amma cire su daidai yake da cewa ba a taɓa yin su ba. Ban ga abin da ya fi wannan adalci ba: a faɗa maka abin da ke ciki, a bar ka da hankalinka. Sai dai kamfanin bai tsaya a kai ba. Ya fitar da kashi na farko na Tom and Jerry Golden Collection a 2011, da aka sanar da na biyu a 2013 sai masu saye suka lura an tsallake Mouse Cleaning da Casanova Cat. Suka yi ca, kamfanin kuma, maimakon ya mayar da biyun, sai ya jingine fitar da faifan.

Za a ce mini, yara fa? Tambaya ce mai nauyi, ba na kuma raina ta. Abin da ake watsawa a tashar yara da rana, inda babu babba a kusa, a tace shi, ban da ja. A 2006 ma tashar Boomerang a Ingila ta amince ta yanke wuraren da ake busa taba a Texas Tom da Tennis Chumps bayan an kai ƙara ga hukumar Ofcom, kuma ban ga laifinta ba. Talabijin shigowa yake yi ɗakinka ba sallama. Faifai kuwa kai ka je ka sayo, kai ka sa shi da hannunka. Wanda aka yanke ya zauna a tasha, cikakken ya zauna a faifai da gargaɗi a goshinsa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a sayar mini da yankakke a ce cikakke ne.

Mu a nan matsalarmu ma ta sha bamban. Faifan da ake sayarwa a bakin titi, mai ɗauke da katun tamanin a cunkushe, da wanda masu turi ke lodawa, ba su da gargaɗi, ba su da shekara, ba su da tsari. Wani an kwafo shi daga tashar Larabawa da tambarinta a kusurwa, wani daga tsohon kaset, yankakke da cikakke duk a gauraye. Na taɓa zama da ɗan ƙanwata, yana aji huɗu na firamare, aka zo wurin fashewar nan Tom ya koma baƙi, ya kwashe da dariya har da buga ƙasa. Na tsayar da faifan na tambaye shi me ya gani. Ya ce, "Kawu, ai ƙonewa ya yi." Na ce ya dubi leɓen, ya dubi gashin. Ya yi shiru, can ya ce, "To mu ake tsokana?" Hirar da muka yi bayan nan, a kan bauta da Amurka da dalilin da ya sa ba a nuna fuskar matar nan, ba zan same ta ba da an riga an yanke wurin. Yaron bai daina son Jerry ba, kuma ban so ya daina ba.

Akwai kuma dalilin da ya sa nake nacewa a kan faifai ba intanet ba. A ƙarshen 2022 manhajar HBO Max, wadda ta Warner ce da kanta, ta sauke ɗaruruwan tsofaffin Looney Tunes, a watan Maris na 2025 kuma ta sauke ragowar. Masu biyan kuɗin wata suka wayi gari babu tsofaffin katun ɗin Bugs Bunny a gidan da aka haife shi, ba a kuma nemi shawararsu ba. Abin da ke kan manhaja aro ne, mai shi na iya karɓewa ko ya sauya shi cikin dare ba wanda ya sani, tunda babu kwafin da za a gwada da shi. Wanda ya sayi faifan 2005 kuwa, bayanin Whoopi Goldberg da katun ɗin da ke bayansa suna nan a kabad ɗinsa yadda aka buga su, kuma duk ranar da kamfanin ya ce bai taɓa zana abu kaza ba, akwai mai iya sa faifan ya nuna masa minti da daƙiƙa.