Igiya Ta Wuce Ta Ƙofar Gidanmu, Ba Ta Yi Sallama Ba

 Yau ina da ƙorafi, kuma a gabanku zan ajiye shi.

Ran nan wani dattijo cikin ɗalibaina na yaƙi da jahilci ya makara. Sai da muka kusa tashi ya shigo, yana haki. Na ce, "Baba, lafiya?" Ya ce, "Malam, kan dutse na hau neman rezo. Yaron nan na Abijan ya ce zai kira ni da la'asar." Ya tsaya bisa dutse har rana ta yi ja. Da kiran ya shigo, gaisuwa kawai suka yi, magana ta yanke. Mutum mai jikoki ke nan, yana hawan dutse kamar akuya don ya ji muryar ɗansa.

Abin da ya sa raina ya ɓaci shi ne, na san akwai maganin wannan wahala, kuma yana kwance cikin ƙasarmu. Da kuɗin jama'a aka saye shi.

Bari in gaya muku ko mene ne. Akwai wata igiya da ake binnewa a gefen hanya. A cikinta akwai zaren gilashi, siririn gaske, kamar gashin kai. Idan ka yi magana cikin salula, ko ka aika hoto, na'ura tana mai da saƙon ya zama ƙyaftawar haske. Hasken ya bi cikin zaren, ya isa wata ƙasa kafin ka ɗaga kofin shayi. Zare ɗaya yana ɗaukar maganar dubban mutane a lokaci guda. Masu boko suna ce mata fibur optik. Ni dai igiyar haske nake ce mata a aji. Dogayen ƙarafan nan na waya da kuke gani a manyan garuruwa, idan aka haɗa su da ita, rezo ya yi ƙarfi, intanet ta yi sauri.

Irin wannan igiya tana bin babbar hanyar kwalta daga Yamai zuwa Damagaram. Ta bi ta Dosso, ta Ƙonni, ta Madawa, ta Maradi. Duk wanda ya kai albasa Madawa ya bi ta kusa da ita bai sani ba. Don a ƙara tsawonta, gwamnati ta ci bashi wajen wani bankin ƙasar Sin, wajen dala miliyan 100. Ku lura, dalar Amurka nake nufi, ba dalarmu ta kasuwa ba. Sannan a shekarar 2016 Bankin Raya Afirka ya yarda da wani aikin, wanda aka karɓa a watan Nuwamba na 2025. An shimfiɗa kilomita 1031, zuwa iyakar Aljeriya, Cadi, Nijeriya, Benin da Burkina Faso. Kuɗin aikin ya kai wajen miliyar 28 na sefa. A cikinsa har da wani zagaye na kilomita 88 don haɗa manyan ofisoshin gwamnati da gidan ajiyar bayanai na ƙasa.

Ban ce aikin banza ba ne. Ƙasar da ba ta da teku dole ta nemi hanyoyi da yawa, don in ɗaya ta yanke, wata ta yi aiki. Ban ƙi banki ya samu ba. Ban ƙi masana'antar siminti ta Malbaza ta samu ba, ƴaƴanmu ma suna cin abinci a can. Tambayata guda ce: bashin nan, wa zai biya shi?

Bashin gwamnati ba na masu ofis kaɗai ba ne. Kai da ka biya kuɗin kasuwa kan tunkiyarka, kana ciki. Ke da kika sayi sukari da sabulu, kina ciki. Duk wanda ya sa kuɗi cikin salula, akwai rabon gwamnati a ciki. Ranar biya, an san hanyar ƙauye. Ranar rabo kuwa, sai a ce ƙauye ya yi nisa. An yi tuwo da hatsin kowa, an kai akushi zauren attajirai.

Masu kare wannan tsari suna da hujjoji, kuma na saurare su da kyau a wajen taron horo.

Suna cewa a fara da inda kuɗi yake. In manyan ƴan kasuwa da masana'antu suka samu, arziki zai gangaro har ƙauye. To, mu mutanen Adar mun san yadda ruwa yake gangarowa. Yana saukowa daga kan fako da ƙarfi, ya bi ƙorama, ya wuce. In ba ka tare shi da duwatsu ba, gonarka ba ta shan komai. Haka arziki yake. Ba ya ratsewa don kansa, sai an yi masa hanya.

Kuma wa ya ce kasuwanci a birni kawai yake? Albasar da ake ci a Kumasi da Abijan, a ofis aka shuka ta? Daga fadamun Galmi da Madawa da kwarin Majiya take fitowa. Manomi ya yi wata huɗu yana ban ruwa. Ranar ciniki, mai kamiyo ya san farashin buhu a Gana tun da safe, don wayarsa tana aiki. Manomi bai sani ba. Wanda ya san farashi shi ne mai wuƙa, shi ne mai nama. Wata malamar jami'a daga Amurka, Jenny Aker, ta bi kasuwannin hatsi na Nijar, ta duba shekarun 2001 zuwa 2006, lokacin da salula take shigowa. Ta gano cewa inda rezo ya isa, bambancin farashi tsakanin kasuwa da kasuwa ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. Wannan da kira kawai ke nan, tun kafin a fara aika hoto da murya.

Kada mu manta da ƴan cin rani. Da an gama girbi, samarin Buza da Keita sun kama hanya: Abijan, Legas, Libiya, Kamaru. Abin da suke aikowa shi ke riƙe gidaje da yawa har damina. Yanzu ta waya ake sanar da kuɗin. Matar da aka aiko wa jika goma, in babu rezo a garinsu, sai ta hau kabu-kabu zuwa wani gari, ta kashe wani abu a hanya, ta bar aikin yini guda. Wannan ma haraji ne, sai dai babu mai ba ta takardar shaida.

Hujja ta biyu ita ce ta fi yi mini ciwo. Suna cewa mutanen ƙauye ba su iya karatu ba, me za su yi da intanet? A nan kam sun taka gonata. Shekara da shekaru ina gaban allo, na san abin da ke kawo babban mutum aji da dare bayan ya gaji. Ba ya zuwa don a ce ya yi boko. Yana zuwa don ya karanta saƙon ɗansa da kansa, kada wani ya ji sirrin gidansa. Wata ɗalibata ta koyi lambobi cikin mako uku, don tana son ta riƙa gane sunan mai kiranta. A shekarar 2009 an gwada koyar da salula cikin azuzuwan manya a jihohin Dosso da Damagaram. Waɗanda aka koya wa salula sun fi sauran cin jarrabawar rubutu da lissafi. Dalili a fili yake. Harafin da kake aiki da shi kullum ba ya gudu. Wanda ka rufe cikin jaka kuwa, kafin damina ta wuce ya tsere. Sau nawa na sake koya wa mutum abin da ya iya bara! Ashe cewa a jira sai mun iya karatu kafin a kawo rezo, kamar a ce yaro ya iya iyo kafin ya taɓa ruwa ne.

Akwai masu cewa rijiya da likita sun fi gaggawa. Gaskiyarsu. Amma in naƙuda ta yi tsanani cikin dare, da me ake kiran mota daga Buza?

Suna kuma cewa tsada. Ku ji, ba mu ce a ja igiya zuwa kowace bukka ba. Abin da ake bukata shi ne reshe. A ja shi daga babbar hanya zuwa garuruwan komin da manyan kasuwanni. A kafa dogon ƙarfe, a ba shi wuta daga hasken rana, tun da kuran bai isa yawancin ƙauyukanmu ba. Rana kuwa ba mu rasa ta ba, ga tashar Malbaza tana ba da wuta tun 2018. Aikin haƙa rami ma ba baƙonmu ba ne. Tun 1975 iyayenmu suka dasa layukan itatuwa a kwarin Majiya don tare iska. Daga 1984, cikin aikin raya Keita, iyayenmu mata suka ɗauki duwatsu a ka, suka farfaɗo da ƙasar da aka ce ta mutu. Mutanen da suka yi wannan, ramin igiya zai gagare su?

Kuɗin ma akwai inda aka tanade su. Doka ta ɗora wa kamfanonin waya su zuba wani kaso cikin asusun kai waya ga kowa da kowa. A shekarar 2020 kuma Bankin Duniya ya amince da dalar Amurka miliyan 100 don kai rezo ƙauyukan Nijar. Haƙƙinmu ne mu tambaya: cikin wannan, me ya iso komin ɗinmu? Wane gari aka rubuta, wane aka tsallake, kuma wa ya zaɓa?

Don haka darasinmu na ran Alhamis ba za mu yi shi cikin littafi ba. Takarda za mu rubuta zuwa ofishin komin, da Hausa, da hannunmu. Kowa ya zo da sunan garinsu, da wurin da ake tsayawa a samu rezo, da tsawon tafiyar zuwa can. Sauran azuzuwan Tama, Karofane da Garhanga, in kun yarda, ku yi taku. Wanda ya iya sa hannu ya sa. Wanda bai kai can ba tukuna, zan zo da tawada. Baba ya riga ya ce sunansa ne zai zama na farko.