Waƙar kyauta ma tana da mai ita

1/ Jama'a, mu ɗan yi maganar kuɗin waƙa. Yaro a Farin Dutse ko Gwaram zai tara kuɗi, ya hau mota zuwa sitidiyo a Kano, ya buga waƙa. Ta zaga gidajen biki, ta cika memorin 'yan acaɓa. Shi kuwa ko sisi. Ina kuɗin yake tafiya? 🧵

2/ A doka, duk mai kunna waƙa don neman kuɗi, gidan rediyo ne ko otal ko ɗakin taro, sai ya biya mai ita. Da yake mawaƙi ba zai iya bin su ɗaya bayan ɗaya ba, sai aka kafa ƙungiyoyin da ke karɓa a madadinsa su raba.

3/ A Najeriya hukumar haƙƙin mallaka, NCC, ita ke ba su lasisi. COSON ta samu a 2010, MCSN ta samu a 2017, sai aka dakatar da na COSON a 2018. An daɗe ana kai-kawo a kotu, ƙananan mawaƙa na gefe suna kallo.

4/ Ga inda gizo ke saƙar: rabon kuɗin rajista yake bi. In sunanka da na waƙarka ba sa cikin kundinsu, ko sau dubu aka kunna ta a Birnin Kudu, ba su san da zamanka ba.

5/ Sannan dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda Buhari ya sa wa hannu a Maris 2023, ta ba ƙungiya dama, bisa wasu sharuɗɗa, ta ba da lasisi kan ayyukan waɗanda ba mambobinta ba, sai dai in mai aikin ya rubuta cewa bai yarda ba. Kun gane? Shirunka amincewa ce.

6/ A Jamus abin ya fi haka. Kotuna na ɗauka cewa waƙar da aka kunna a bainar jama'a tana hannun ƙungiyarsu, GEMA, har sai mai kunnawa ya kawo hujjar ba haka ba ne. Ko kyauta mawaƙin ya bayar, sai ka nuna shaida.

7/ Mu kuma da yawan mawaƙanmu da gangan suke sakin waƙa kyauta, su kai wa masu turi a kasuwa, don abincinsu yana wajen biki da liƙi da gangamin siyasa. Tun zamanin su Shata da Ɗanƙwairo haka abin yake, ubangida ke biya. Ban ga laifin wannan ba.

8/ Matsalata da kyautar baki ce. "Ku tura wa kowa" ba takarda ba ce. Gobe wani ya ɗora waƙarka a YouTube ko Audiomack da sunansa, ko kamfani ya sa ta a talla, me za ka nuna?

9/ Nan lasisin Creative Commons yake da amfani. Tun 2002 ake amfani da shi, kuma ba a biyan ko kwabo. Akwai nau'in CC BY-NC: kowa ya saurara, ya tura, amma dole a ambaci sunanka, mai son yin kasuwanci da ita kuma sai ya nemi izininka.

10/ Wani zai ce wa yake bin doka a ƙasar nan? Gaskiya ne, ba za ka kai mai turi ƙara kan naira ɗari ba. Amma manhajojin intanet suna sauke waƙar sata in ka kawo hujja. Rubutun nan shi ne hujjarka.

11/ In ka zaɓi shiga ƙungiya, shiga, haƙƙinka ne. Amma karanta yarjejeniyar kafin ka sa hannu, ka tambaye su: in na shiga, zan iya ci gaba da sakin wasu waƙoƙina kyauta? Su ba ka amsa a rubuce.

12/ Ƙungiyoyin kuma, in za su karɓi kuɗi da sunan mawaƙan Arewa, su zo Dutse su yi rajista, su yi bayani da Hausa. Ba ya yiwuwa ka karɓa da sunan mutumin da ba ka taɓa neman lambarsa ba.

Ku tura wa mawaƙin unguwarku kafin ya saki ta gaba.