A Dubi Yadi Kafin A Dubi Ƙyalli

Hunturu ya kau, bazara ta kawo kai, jama'a kuwa sun fara tururuwa zuwa Kantin Kwari da sauran kasuwanni don yanko yadin da za a kai wa tela. Muna so mu jawo hankalin masu karatu, tun ba akawuna da malaman makaranta ba, waɗanda su ke wuni cikin ɗaki ƙarƙashin rufin kwano, su kula da abin da su ke saye. A watan Afrilu zafi ya kan wuce digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri. Wanda ya yi kuskuren yadi a wannan lokaci, shi da rigarsa za su yi ta kokawa har ruwa ya sauka.

Abin da ya fi yawa a kasuwa yanzu shi ne yadi mai roba, wanda Turawa ke kira foliyesta. A Ingila aka ƙago irinsa a 1941. Yana da araha, yana ƙyalli, ba ya yamutsewa, shi ya sa ya ke ruɗin mutane. Amma fa ba ya shan gumi. Zaren auduga ya kan tsotse zufa ya miƙa wa iska, jiki ya yi sanyi. Na roba kuwa sai ya bar zufar ta kwanta tsakanin fata da riga, daga nan sai ƙaiƙayi da ƙurajen zafi da wari. Ga mata abin ya fi haka muni, gama in wuta ta lashi zanen roba a bakin murhu, narkewa ya ke yi ya manne a fata.

Gane shi ba wuya. A zare zare ɗaya daga bakin yadin a ƙyasta masa ashana. In auduga ce, za ta ci wuta ta zama toka mai laushi, da ƙauri irin na takarda. In roba ce, sai ta nannaɗe ta dunƙule ta yi tauri. Ɗan kasuwa mai gaskiya ba zai hana ka wannan gwaji ba. In ya hana, to, ka san inda ka dosa.

Wani zai ce ai shadda auduga ce. Haka ne, shadda ta ainihi, irin Getzner da a ke saƙawa a Ostiriya, auduga ce zalla. Sai dai jabunta ya cika gari, kuma ko ta ainihin in an ɗirka mata sitaci aka buge ta har ta yi ƙyalli, ƙofofin saƙar sun toshe, iska ba ta ratsawa. A ajiye ta don Juma'a da biki. Don zuwa aiki kullum, boyel na auduga ko farin alawayyo sun fi. Akoko ma ba abin rainawa ba ne, illa dai a jiƙa shi a shanya kafin a yanka, don ya kan tsuke bayan wankin fari.

Game da launi, fari ya fi mayar da zafin rana, wannan kowa ya sani. Amma ɗinki ya fi launi muhimmanci. Dubi Buzaye, cikin baƙin rini su ke ratsa Hamada, ba su kuwa ƙonewa, saboda rigunansu masu faɗi ne, iska na shiga ta ƙasa ta fita ta wuya. A 1980 waɗansu masana sun gwada baƙar riga da fara irin na Larabawan ƙauye a hamadar Negeb, suka tarar zafin da ke kaiwa ga jiki ɗaya ne. Ashe masu ɗinka 'yar shara da jamfa mai buɗaɗɗen hannu sun san abin da su ke yi. Samarinmu kuwa sai su ce wa tela ya matse kaftani, ya tsuke wando, ya kuma cika ƙirji da aiki mai kauri. Haba! Wannan ai ɗaurin goro ne.

Abin takaici shi ne ƙasar auduga ce ta ke wannan fama. Lokacin da Barth ya zo Kano a 1851, tufafin da aka saƙa aka rina a nan su ne su ke tafiya har Tambutu. An buɗe masaƙar Kaduna a 1957, aka yi ta saƙa audugar Funtuwa da Gusau da Zariya, har ta rufe a 2002. Da masaƙu suka mutu, yadin auduga ya yi tsada, robar waje ta maye gurbinsa. Saboda haka ba mu ga laifin mai ƙaramin albashi ba in ya duba aljihunsa. Shawararmu ita ce ya ɗinka biyu na auduga, ya riƙa wanke ɗaya yana sa ɗaya, maimakon huɗu na roba.

Shugabannin makarantu kuma muna roƙonsu su sake duba yadin da su ke zaɓa wa yara. Yaro saba'in a aji ɗaya, kowanne cikin rigar roba da tsakar rana, ina zai fahimci lissafi? In ba za a iya auduga zalla ba, a nemi gauraye wanda audugarsa ta fi yawa, a kuma gaya wa tela ya saki hannun rigar da wuyanta.