Wilin Ƙasar Ƙanƙara a Titunan Katsina

Mafi yawan wili da tayoyin gwanjo da ake jibgewa a bakin titunan birnin Katsina daga Turai suka fito, kuma da dama daga cikinsu an tanade su ne musamman domin lokacin ƙanƙara. A Jamus, tun shekarar 2010 doka ta tilasta wa direba sa tayar sanyi idan ƙanƙara ta rufe hanya, saboda haka mai mota kan ajiye wili huɗu na daban. Idan suka tsufa sai a yi jirgin ruwansu zuwa Afirka ta Yamma. Mai saye a Katsina kuwa abu biyu kawai yake dubawa: ƙyalli da yawan ramukan noti. Wannan sakaci ne da ke iya cin rai.

Ko ramukan ma akwai magana. Golf 3 da Peugeot 406 duk ramuka huɗu gare su, amma faɗin da'irar ramukan ta farko milimita 100 ne, ta biyu kuma 108.

Babban ma'aunin da ake mantawa shi ne wanda aka buga a bayan wili da haruffan ET, lamba na biye, alal misali ET45. Wannan lamba tazara ce, a milimita, tsakanin tsakiyar faɗin wili da fuskar da ke manne wa mota. Idan lambar ta fi wadda masana'anta ta tsara, wili zai shige ciki har ya riƙa gugar shokazoba ko ƙarfen da ke matse faifan birki. Idan ta gaza, zai turo waje ya ci madigadi, nauyin mota kuma ya kauce daga kan boris. Sanin kowa ne cewa dogon sanda ya fi saurin ɓanɓare dutse. Haka 'yan milimitocin nan ke ƙara wa boris wahala a kowane rami na hanyar Jibiya ko ta Dutsin-ma, har ya mutu kafin lokacinsa.

Wilin sanyi sau da yawa ƙarami ne, an auna shi da birkin wata mota dabam. Abin takaici, idan ya ƙi zama, wani bakanike sai ya cusa washa a baya, ko ma ya goge ƙarfen birki da inji. Washa na rage zaren da noti ke kamawa, birki kuwa ba wurin sassaƙa ba ne. Araha dai ba ta ado.

Ita kanta tayar, idan tana ɗauke da hoton dutse mai tsini uku da ƙwayar ƙanƙara a ciki, robarta an haɗa ta ne don sanyin da ya gaza digiri 7. Hunturun Katsina da wuya ya kai nan, a watan Afrilu kuwa zafi kan haura digiri 40. Robar sai ta yi laushi, ta cinye da wuri, mota kuma ta ƙara nisa kafin ta tsaya.

Wajibi ne mai faci ya karanta lambar tsohon wili kafin ya kawo sabo. Bayan an ɗaura, tun mota na kan jak, a juya wilin da hannu, a murɗa sitiyari iyakarsa dama da hagu, a tabbatar babu inda ƙarfe ya taɓa ƙarfe.