Kura da Shan Bugu: Makaɗan Bes na Birtaniya da Aka Danne wa Haƙƙi



Muƙalarmu ta yau a kan kiɗan Birtaniya take, kuma da rigima muka zo. Duk wanda ya nemi jerin gwanayen makaɗan bes na wannan ƙasa zai tarar da sunaye kusan iri ɗaya ana ta juya su kamar waina a tanda: John Entwistle, Paul McCartney, John Paul Jones, Jack Bruce. Masu jerin sukan haɗa tambayoyi biyu a take guda, wato wa aka fi so, kuma wa ya fi tasiri, sai ka ce abu ɗaya ne. Mu muna cewa tambayoyi ne mabambanta, kuma ta wannan cakuɗawar ce ake danne haƙƙin mutanen da suka yi aikin.

Ga wanda bai san ta ba, bes jita ce mai tsirkiya huɗu masu kauri, muryarta can ƙasa take, ƙirji yakan riga kunne jin ta. Aikinta shi ne ta ƙulla tsakanin mai ganga da mai waƙa, ta riƙe tafiyar kiɗan kada ya watse. Ƙaramar lasifikar waya ba ta iya fito da ita sosai, don haka wanda zai gwada abin da za mu faɗa ya sa abin ji a kunne.

A 2011 mujallar Rolling Stone ta nemi masu karatunta su zaɓi makaɗin bes mafi gwaninta a duniya. Entwistle na ƙungiyar The Who ya zo na ɗaya, McCartney na uku, Jones na Led Zeppelin da Bruce na Cream su ma suka shiga goman farko. Ku lura da kyau, dukkansu 'yan manyan ƙungiyoyin rok ne masu miliyoyin masoya. Wanda ya kaɗa ƙuri'a ƙungiyar da yake ƙauna ya zaɓa, sannan ya duba wa ke riƙe mata bes. Hujjarmu kuwa ita ce James Jamerson, Ba'amurken da ya kaɗa bes a waƙoƙin kamfanin Motown, wanda McCartney da bakinsa ya sha faɗin cewa daga gare shi ya koyi da yawa, bai samu shiga goman ba. An zaɓi almajiri, an bar malaminsa a waje.

Kada a ɗauka muna raina waɗannan huɗun. Yabon gwani ya zama dole. Entwistle ya bai wa bes fili ita kaɗai a tsakiyar waƙar "My Generation" a 1965, lokacin da yin haka baƙon abu ne a kiɗan rok. A 1966 kuma ya yi aiki da kamfanin Rotosound wajen gyara wata irin tsirkiya mai ƙara da haske, irin wadda makaɗa da yawa ke ɗaurawa har gobe. Wannan tasiri ne da ake iya nunawa da yatsa. McCartney kuwa ya karɓi bes ne a 1961 bayan Stuart Sutcliffe ya bar The Beatles, ya sayi jitarsa ƙirar Höfner a Hamburg ta Jamus, ya mayar da bes abin da ke rera tasa waƙar a ƙarƙashin waƙa. Ba mu da ja a kan su. Jayayyarmu da masu jerin da suke tsayawa a nan, kamar daga su an rufe ƙofa.

Ma'aunin da muke kawowa mai sauƙi ne. Idan an ce mutum ya yi tasiri, a nuna mana wanda ya kwaikwaye shi, a nuna mana inda kiɗansa ya je bayan ya bar hannunsa, a nuna mana abin da ya canja. Ba girin-girin ba, ta yi mai. Bari mu ɗora mutum huɗu a kan wannan ma'auni.

Na farko Herbie Flowers, wanda ya rasu a Satumban 2024 yana da shekara 86. Ɗan haya ne, ana kiran sa situdiyo ya kaɗa, a sallame shi ya tafi. Shi ya kaɗa bes a "Space Oddity" ta David Bowie a 1969. A 1972, a situdiyon Trident da ke Landan, aka kira shi aikin waƙar Lou Reed mai suna "Walk on the Wild Side". Ya fara kaɗa babbar bes ta katako, wadda ake tsayarwa a ƙasa kamar ƙaton goge, sannan ya ɗora ta lantarki a kanta, muryoyin biyu suna zamewa tare. Shi kansa ya ce dalilinsa har da na aljihu, domin wanda ya kaɗa kaya biyu ana ninka masa kuɗi. Abin da aka biya shi fam 17 ne, shi ke nan. A 1990 ƙungiyar hip-hop ta A Tribe Called Quest ta yanko wannan kiɗan nasa ta gina "Can I Kick It?" a kansa, kuma Phife Dawg, ɗaya daga cikinsu, ya faɗa cewa Lou Reed ne ya kwashe kuɗin waƙar. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Kiɗan Flowers ya tsallaka teku, ya tsallaka daga rok zuwa hip-hop, amma sunansa da wuya ka gan shi a saman jeri.

Na biyu Glen Matlock. A tambayi mutum goma wa ke kaɗa wa Sex Pistols bes, mafi yawansu za su ce Sid Vicious, domin fuskarsa ce a kan riguna da hotuna. Alhali Sid da ƙyar yake iya riƙe kiɗan. A faifan ƙungiyar na 1977, wanda shi kaɗai suka yi a situdiyo, mai jitarsu Steve Jones ne ya kaɗa bes a mafi yawan waƙoƙin, kuma goma cikin waƙoƙi goma sha biyu na faifan da hannun Matlock aka tsara su kafin ya bar ƙungiyar a farkon wannan shekara. Idan ana neman shaidar cewa suna da aiki ba lallai su zauna gida ɗaya ba, ga ta nan.

Na uku Norman Watt-Roy, wanda aka haifa a Bombay ta Indiya a 1951, ya tashi a Ingila. Bes ɗinsa ce ke jan "Hit Me with Your Rhythm Stick" ta Ian Dury da Blockheads, wadda ta zo ta ɗaya a kasuwar waƙoƙin Birtaniya a Janairun 1979. Da ƙungiyar The Clash ta shiga situdiyo a 1980, mai bes ɗinsu Paul Simonon yana can wurin ɗaukar wani fim, sai aka kira Watt-Roy. Shi ya kaɗa abin da ake ji a "The Magnificent Seven", amma da aka zo rubuta waɗanda suka tsara waƙar, sunan The Clash aka sa. Hoton da duniya ta sani kuwa shi ne na Simonon yana rotsa jitarsa a kan dandamali, wanda aka buga a bangon faifan London Calling. Ba mu ce Simonon bai iya ba. Ya tashi a unguwar Brixton cikin 'yan asalin Jamaika, daga faya-fayan rege ya koyi kiɗa, kuma bes ɗinsa ta "The Guns of Brixton" ita aka ɗauko aka gina "Dub Be Good to Me" da ta zo ta ɗaya a 1990. To amma wannan ya kai mu ga babbar tambaya: idan ana yabon Simonon don ya kawo rege cikin rok, ina masu regen da kansu?

Nan ne na huɗu ya shigo, Dennis Bovell. An haife shi a Barbados a 1953, ya zo kudancin Landan yana ɗan shekara 12. A kiɗan rege bes ce ke gaba, sauran kayan kiɗa suna bin ta, kuma Bovell na cikin waɗanda suka dasa wannan salon a Birtaniya. Shi ya rubuta kuma ya shirya "Silly Games" ta Janet Kay, wadda ta kai ta biyu a 1979. A wannan shekarar dai shi ya shirya wa The Slits, ƙungiyar mata masu kiɗan fank na tawaye, faifansu na farko. Abin da ya fi shafar mu marubuta shi ne aikinsa da sha'iri Linton Kwesi Johnson, mai rubuta waƙoƙinsa da Ingilishin Jamaika a kan zaluncin 'yan sanda da rayuwar baƙar fata a Ingila. Shekara da shekaru Bovell ne ke jagorantar makaɗan da ke raka shi, yana riƙe da bes, kuma faifan da suka shirya tare a 1980 sunansa ma Bass Culture. A 2002 kamfanin Penguin ya buga waƙoƙin Johnson a jerin littattafansa na Modern Classics, ya zama baƙar fata na farko cikin sha'irai da ya samu wannan. Baitocin da suka kai can, da yawa daga cikinsu an ji su a kan bes. Duk jerin da ya ce yana auna tasiri a Birtaniya amma ya tsallake rege, to ya auna ɗaki ɗaya ne ya ce ya auna gida.

Mun san abin da za a ce mana. Wasu za su ce ɗan haya an biya shi ladansa, ciniki ya ƙare, kuma waƙar ta Lou Reed ce. A shari'a haka ne, ba mu musa ba. Amma mu ba alƙalan kotu ba ne, masu rubuta tarihi da sharhi ne, kuma yarjejeniyar fam 17 ba ta ɗaure alƙalaminmu ba. Doka ta ce kuɗin na wane ne, ba ta ce mu ɓoye wanda ya kaɗa ba.

Wasu kuma za su ce ai so ba ya buƙatar hujja, kowa da gwaninsa. Wannan ma mun yarda. Mai son John Deacon na Queen saboda "Another One Bites the Dust" ya so abinsa, ba mai hana shi. Sai dai ranar da ya ce Deacon ne ya ƙirƙiro wannan salon, za mu tuna masa cewa waƙar ta fito a 1980, shekara guda bayan "Good Times" ta ƙungiyar Chic, kuma sananne ne cewa kiɗan Bernard Edwards na Chic ne ya zaburar da Deacon. "Ina son wane" magana ce ta zuciya, ba a neman shaida a kanta. "Wane ya fi tasiri" da'awa ce, kuma mai da'awa shi ke kawo shaida.

Akwai kuma masu cewa ina ruwan marubucin Hausa da makaɗan Landan. Ruwanmu biyu ne. Na farko, yawancinmu nan gaba za mu rubuta sharhi, ko a kan littafi, ko fim, ko waƙa, kuma cutar da ta kama masu jerin bes tana iya kama kowane mai sharhi: a ɗauki wanda ya fi suna a ce shi ya fi iyawa, a kwafo jerin wani a fassara a sa suna a ƙasa. Wanda ya kwafo jeri ya kwafo har da zaluncin da ke cikinsa. Na biyu, labarin Flowers gargaɗi ne ga duk matashin da za a ce ya sayar da labarinsa baki ɗaya a biya shi sau ɗaya, ba sunansa, ba kasonsa. Ranar da aka miƙa wa Flowers fam 17 ba wanda ya san inda waƙar za ta kai. Kai ma ba ka san inda naka rubutun zai kai ba, don haka ka karanta takarda kafin ka sa hannu, ka kuma nemi a rubuta sunanka.

Matsayarmu ke nan. A bar Entwistle da McCartney a inda suke, sun cancanta. Amma duk wanda zai rubuta mana jerin masu tasiri, ya juya bayan faifai ya karanta ƙananan sunayen, ya binciki wa ya kaɗa, wa ya tsara, wa aka biya. Idan jerinsa ya fito babu Flowers, babu Bovell, babu Watt-Roy, babu Matlock, to ya canja masa take ya kira shi jerin waɗanda yake so, mu kuwa ba za mu yi masa gardama ba.

Aikin wannan mako: kowa ya zaɓi waƙa ɗaya cikin waɗanda muka ambata, ya saurare ta sau uku yana bin bes kaɗai, sannan ya rubuta sakin layi ɗaya a kan abin da ya ji, ba tare da ya yi amfani da kalmar "daɗi" ko "gwani" ba. Wanda kuma bai yarda da mu ba, ƙofa a buɗe take, amma ya zo da hujjarsa a hannu.

Allah ya ƙara wa alƙalumanmu albarka.