Sun Ƙona Zanen, Sun Yi Gwanjon Rasit

A watan Maris na 2021 wasu 'yan kirifto a birnin New York na Amurka suka sayi wani bugun zane na Banksy, mai zanen nan na Ingila da ke ɓoye fuskarsa, a kan kimanin dala 95,000. Ba su rataye shi a bango ba. Wuta suka cinna masa, suna nuna wa duniya kai tsaye ta intanet har ya zama toka. Daga nan suka yi gwanjon hotonsa a kasuwar OpenSea a matsayin NFT, wato shaidar mallaka da ake rubutawa a kundin kirifto, aka saya da kuɗin Ether da ya kai wajen dala 380,000.

Sunan zanen kuwa Morons, ma'ana wawaye. Abin da ke cikinsa hoton ɗakin gwanjo ne, cike da masu kuɗi suna rububin taya zane, Banksy yana yi musu ba'a. Ashe bai san wawayen gaske suna tafe ba.

Hujjar masu ƙonawar ita ce, muddin takardar tana nan, darajar tana jikinta. Idan ta ƙone, darajar za ta koma kan shaidar. Mu dai mun ce wannan cinikin biri a sama ne. Bugun zane abu ne da ake taɓawa. Akwai takarda, akwai tawada, akwai sa hannun mai shi da lambar da ke nuna na nawa ne a cikin adadin da aka buga. Shi kuwa mai NFT, rasit kawai ya riƙe. Hoton da ya biya, kowa na iya sauke irinsa a wayarsa kyauta. Wane mai hankali ne zai ƙona babbar riga mai aska takwas, ya ce rasit ɗin tela ya fi ta daraja?

Kada a yi mana mummunar fahimta. Ba biyan kuɗi da kirifto muke yaƙi da shi ba. A watan Mayun shekarar, kamfanin gwanjo na Sotheby's ya amince a biya wani zanen Banksy da Bitcoin ko Ether, zanen kuma yana nan lafiya. Mun kuma san Osinachi, ɗan Najeriya da ke zane da manhajar Microsoft Word, ya kai aikinsa har gwanjon Christie's ta wannan hanya, ƙofar da a da ba a cika buɗe wa irinsa ba. Wannan alheri ne, ba mu musa ba.

Abin da muke ƙi shi ne cacar da ta saka rigar fasaha. Wanda ya sayi zane don ya kalla, ko farashi ya faɗi, zanensa na bango. Wanda ya saya don gobe ya sayar wa wanda ya fi shi wauta, ranar da wawaye suka ƙare, shi ke nan. Ranar kuwa ta zo. Ether da ya haura dala 4,800 a Nuwamban 2021 ya faɗo ƙasa da dala 1,000 a Yunin 2022. Shaidar saƙon farko na Jack Dorsey a Twitter, da aka saya dala miliyan 2.9, da aka mayar da ita gwanjo bayan shekara guda, tayin bai kai ko kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin ba.

Don haka, ɗan'uwa mai zane, idan ka samu mai saye da kirifto, karɓi kuɗinka, Allah ya sa albarka. Amma duk wanda ya ce sai ka ƙona aikinka zai yi daraja, ba masoyin aikinka ba ne. Kai kuma mai saye, kafin ka taya, tambayi kanka: in ba wanda zai ƙara sayen wannan abu har abada, ina son sa? In amsar a'a ce, mayar da wayarka aljihu.